Abin da Ke Cikin Gorar Sakiusa

Sakiusa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka da izinin tsokanarsa aka haife ni, kuma ban taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. Tare muka baro Fiji muna samari, muka sauka a Logan, kudu da Brisbane. Ni na shiga kamfanin yankan nama, shi ya kama tuƙin bas. Ƙato ne na gaske, in ya zauna a kujerar direba sai kujerar ta ba ka tausayi. Amma duk girman nan bai iya haɗiye ƙwayar magani ba. Ko ta ciwon kai ce sai ya murƙushe ta da bayan cokali, ya jiƙa a ruwa, ya sha yana ɓata rai. Na fi shekara talatin ina yi masa dariyar wannan.

Bai yi aure ba. Ya taɓa neman wata 'yar Samoa mai aiki a gidan tsofaffi, ta jira ta jira, ta gaji ta auri wani. Abin da take jira kuwa shi ne ya gama kai Kiti wajen wasa, shi kuma bai taɓa gamawa ba.

Kiti shi ne Kitione, ɗan ƙanwarsa Unaisi. Ubansa Bature ne mai gyaran famfo, ya rasu yaron yana shekara huɗu. A wajenmu, ɗan da 'yar'uwarka mace ta haifa vasu ne a kanka, duk abin da ke gidanka nasa ne. Ya ga riga ya saka, ya ga agogo ya ɗaura, ya ga nama a farantinka ya kai baki, ba tambaya ba godiya. Kai kuwa kawu, ko ranka ya so ko bai so ba, dariya za ka yi. Kawun da ya ce wa vasunsa “ajiye” ya zubar da girman gidansu, har jikoki sai an goranta musu. Da yawa daga cikinmu a nan Ostireliya mun koyi dabara, muna ɓoye takalmanmu masu kyau in yara za su zo. Sakiusa bai taɓa ɓoye komai ba, alfahari ma yake yi.

Ta haka tanis ya shigo danginmu. Wani ya manta raket a cikin bas, aka yi ta cigiya ba a sami mai shi ba, Sakiusa ya kawo gida yana kakkaɓe tabarma da shi. Kiti, yana ɗan shekara bakwai, ya zo ya gani ya ɗauka ya fita. Kafin a ankara ya kusa rushe bangon garejin kawunsa da dukan ƙwallo.

“Yaran mutane na can suna zari-ruga, kai ka kai namu wasan masu farin wando,” na ce masa.

“Mahauci, je ka wanke jinin hannunka tukuna, sannan ka zo mu yi zancen wasa,” in ji shi. “Yaron nan sai ka biya kuɗi kafin ka kalle shi.”

Bai yi ƙarya ba. Ya yi ta musayar lokacin aiki da sauran direbobi, ya sayi tsohuwar motar kaya mai hayaƙi, ya riƙa kai yaron gasa a Toowoomba da Bundaberg da Rockhampton, su kwana a bayan mota, ƙafafunsa a waje don ba sa shiga. Da yatsun nan nasa masu kaurin rogo ya koyi ɗaura igiyar raket, har 'ya'yan Turawa suna kawo masa nasu. Matan cocinmu suka yi ta sayar da gashin rami da gwaza don a tura Kiti ƙasashen waje. Yana da shekara ashirin da uku ya shiga cikin gwanaye ɗari biyu na duniya, aka kuma yi masa albishir za a ba shi gurbi a babbar gasar Melbourne ta watan Janairu. Ko a lokacin in ya sauka daga jirgi gidan Momo yake fara zuwa, haka yake kiran kawun, ya buɗe firji ya share abin da ya tarar.

Abin da ba mu sani ba shi ne Sakiusa ya kamu da ciwon nan namu na maza, mai kumbura babban yatsan ƙafa har ko iska ta taɓa sai ka yi ihu. Naman gwangwani da kitsen rago suka jawo masa, kamar yadda suka jawo wa rabinmu. Sai dai shi a ƙafar dama ya kama shi, ƙafar taka birki. Ya san in likita ya rubuta, zancen zai kai ofishinsu, a sauke shi daga mota. Don haka bai je ba. Wani dattijo a coci ya ba shi ragowar ƙwayoyinsa, yana murƙushewa yana zubawa a gorarsa ta ƙarfe da ruwan lemo, yana kurɓa a hankali duk yini.

Wannan duk daga baya na ji daga bakinsa. Wata rana a ƙarshen Nuwamba, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa, yana zaune a benci a bakin fili Kiti yana atisaye. Yaron ya fito jiƙe da gumi, ruwansa ya ƙare, ya miƙa hannu ya ɗauki gorar kawunsa ya kafa kai. Ɗan wasa ne da ke karanta bayan kowace kwalba kafin ya sha, ko shayi ba ya karɓa a hannun baƙo. Amma wannan ba hannun baƙo ba ne, gorar Momo ce, tun yana rarrafe yake sha a ciki.

Sakiusa ya buɗe baki. Ya ce mini har kalmar ta zo kan harshensa, ta ƙi fita. Bai taɓa faɗa wa yaron nan ita ba, bai san yadda ake fara ta ba. Ya ce a ransa, ai maganin ƙafa ne kawai.

“Momo, lemon nan naka da ɗaci,” in ji Kiti, yana goge baki.

“Bakinka ne mai ɗaci, koma ka buga.”

Washegari da safe masu gwajin fitsari suka ƙwanƙwasa ƙofar Kiti, kamar yadda suke yi wa kowane ɗan wasa ba sanarwa. Ana saura kaɗan Kirsimeti sakamako ya fito, aka dakatar da shi nan take. Maganin ba ya ƙara wa kowa ƙarfi, amma masu shan ƙwayar ƙara kuzari suna amfani da shi su ɓoye ta a fitsari, shi ya sa aka haramta shi. Jaridu ba su tsaya tambaya ba, cewa suka yi me yake ɓoyewa.

Lauyar da aka ɗauka, wata Baturiya siririya, ta zo gidan Unaisi ranar Lahadi bayan coci. Ita a zatonta mutum uku za ta tarar. Ta tarar da falo cike, da fasto da dattawa da matan da suka sayar da gwaza, don mu ba ma yin baƙin ciki mu kaɗai. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma tana ta gyara ƙafa. Ta yi mana bayani dalla-dalla: in aka gano ta inda maganin ya shiga jikin Kiti, aka nuna ba da saninsa ba ne, hukuncin zai iya tsayawa a 'yan watanni. In ba a gano ba kafin ranar zaman kwamitin ladabtarwa, shekara biyu ce.

“Maganin kumburin gaɓa ne,” ta ce, bayan ta faɗi sunansa. “Akwai mai shan irinsa a cikinku?”

Duk da halin da ake ciki sai da aka yi dariya, don maza uku suka ɗaga hannu a tare. Aka bincika, biyu nasu wani iri ne daban, na ukun kuma bai ga Kiti ba tun bara. Dattijon da ya ba Sakiusa ƙwayoyin ya riga ya koma Fiji. Lauya ta juya ga wanda ya fi kowa zama da yaron.

“Kai fa, kawu?”

“Wannan?” na ce. “Ai ko ƙwayar shinkafa sai ya daka kafin ya haɗiye.”

Aka sake dariya. Sakiusa yana zaune can bakin ƙofa, nesa da ƙanwarsa kamar yadda ya kamata, don a wajenmu wa da ƙanwa ba sa zama kusa, ba sa wasa, ba sa ma kallon juna ido cikin ido. Ya ja zaninsa na coci ya rufe ƙafar dama. Ya ji sunan maganin, ya san shi ne a rubuce a jikin kwalin da ke cikin motarsa. In ya ce e, to a gaban fasto da ƙanwarsa da duk matan nan zai ce yana ɗaukar yaran makaranta a bas da ƙafar da ba ta taka birki sosai, yana shan maganin wani, kuma yana kallo vasunsa ya shanye.

“Ni lafiyata ƙalau,” ya ce.

Niyyarsa gobe ya kira lauyar ita kaɗai. Gobe ta zo, ya ga ai jiya ya yi ƙarya a gaban fasto, yanzu abin ya zama biyu. Jibi ya ce ƙila su gano da kansu. Aka kwashe duk abin da Kiti ke ci da sha aka kai gwaji, garin ƙarin jini, man shafawa, har man goge baki, ba a sami komai ba. Ba wanda ya tuna da gorar da ke rataye a hannun kawu kullum. Shi kansa Kiti bai tuna ba, don wa ke tuna ranar da ya sha ruwa a gidansu? Sakiusa ne ma ya tuƙa shi zuwa ofishin lauya ranar zaman kwamiti. Ya zauna a mota a waje, hannu a kan sitiyari, yana gaya wa kansa yanzu zai tashi ya shiga. Yana nan zaune har yaron ya fito ya buɗe ƙofa ya ce, “Shekara biyu, Momo.”

Na ga mutane sun ci amana don kuɗi, na ga sun ci don ƙiyayya. Wannan kunya ce kawai, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Masu ba Kiti kayan wasa suka janye. Aka hana shi shiga duk filin da ke ƙarƙashin hukuma, ko kallo. Yaran unguwa da ke binsa ya sa musu hannu a hula suka koma kiransa ɗan ƙwaya ta bayan shinge. Ya sami aikin lodi a wani sito. Bai zama mai faɗa ba, shiru kawai ya yi, irin shirun mutumin da ya fara zargin kansa.

Amma wadda abin ya fi ci ita ce Unaisi. A makon da aka yi gwajin Kiti ya yi mura, ta dafa masa ruwan ganye irin na gida ta ba shi. An gwada ganyen, an ce mata ba shi ba ne. Ba ta yarda ba. Cewa take yi, “Me injin Bature ya sani game da ganyenmu? Daga hannuna ya fito.” Ta tumɓuke ganyayen da ta shuka a bayan gida. Daga nan ta daina ba ɗanta duk abin da hannunta ya taɓa. Ranar Lahadi za ta dafa kifi da madarar kwakwa, da rogo da gwaza, ta shimfiɗa wa dangi, amma Kiti sai dai ya buɗe abincin kanti a roba ya ci a gefe. Ya roƙe ta har ya gaji, yana kiranta Na, wato mama a yarenmu.

“Na, don Allah ko loma ɗaya. Ai an riga an kore ni, me kuma za su gwada?”

“Za ka koma,” take cewa. “Ba zan sake kashe ka ba.”

Sakiusa kuwa babban wa ne, shi ake fara zuba wa. Duk Lahadi yana can bakin ƙofa da faranti a gabansa, yana ci kansa a ƙasa. Mu muna cewa baƙin cikin yaron ne ya sa ya rame.

Ya hukunta kansa, ba na musu, amma irin hukuncin da ba ya amfanar kowa. Ya zubar da ƙwayoyin, ya jefa gorar a shara, ya zauna da ciwon haka nan har yana ɗingishi. Ba da jimawa ba ya ajiye tuƙin da kansa, aikin da ya yi ƙaryar dominsa. Ya samo wani tsohon filin siminti da ya tsattsage a bayan wata makaranta, yana kai Kiti duk safiya yana jefa masa ƙwallo. Ya daina zuwa zaman shan yangona, abin shan gargajiyarmu, da muke yi ranar Asabar. In na je na tsokane shi sai ya yi murmushi, ba ya ramawa. Taubashin da ba ya rama zagi ai ba lafiya ba, amma na ɗauka tsufa ne.

Shekara biyun suka cika. Kiti ya koma ba shi da matsayi ko na dubu, sai ya faro daga ƙasa a ƙananan garuruwa, yana karawa da yara 'yan sha takwas da ba su san sunansa ba, ko kuma sun san shi ta inda bai kamata ba. Hannunsa na nan, amma ƙafa ta yi nauyi, zuciya kuma ta fi ƙafar nauyi. Ya yi kusan shekara yana faɗuwa a zagayen farko. Unaisi ta ƙara tsananta dokarta, tunda yanzu gwaji ya dawo.

Wata rana da yamma Sakiusa ya zo gidana da ƙafa, yana jan ta. Ya zauna a ƙasan gareji, bai nemi kujera ba.

“Manasa, kana da tabua?”

Tabua haƙorin ƙaton kifin teku ne, ba a fito da shi sai neman aure, ko mutuwa, ko neman gafarar babban laifi.

“Kai ƙaton banza, sai yanzu aure ya tuna da kai? Wace marar sa'a ce?”

Bai yi dariya ba. Ya ce ɗazu Kiti ya je gidansa, ya ce ya bar wasa, ya sami aiki a wurin haƙar ma'adinai can yammacin ƙasa. Ya durƙusa a gabansa ya ce, Momo ka yafe mini, ka ba ni ƙuruciyarka da aurenka da ƙafarka, ni kuma na saka maka da abin kunya, har yau ban san abin da na ci ba, amma sakacina ne.

“Shi yake neman gafarata, Manasa,” in ji Sakiusa. “Shi.”

Sannan ya gaya mini komai, tun daga benci har zuwa mota a ƙofar lauya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na zage shi, ba zagin wasa ba, karo na farko a rayuwarmu. Na ce masa matsoraci, na ce da girmanka da furfurarka ka bar ƙanwarka tana tumɓuke shukarta. Bai ɗaga kai ba. Da na gaji na shiga ɗaki na kwance tabuar babana daga cikin tabarmar da take naɗe.

A al'adarmu mai laifi ba ya magana da bakinsa, wani ke yi masa. Ni na yi. Ranar Lahadi kafin a zuba abinci, a falon nan dai, gaban mutanen nan dai, muka shiga da rarrafe. Sakiusa ya kifa goshi a tabarma. Na riƙe tabua da hannu biyu na faɗi abin da ya faru, ban rage ba ban yi masa kwaskwarima ba.

Kiti ya daɗe yana kallon kawunsa. Tabua in an miƙa ba a mayar da ita, ya sani. Ya matso ya karɓa, ya yi tafi uku yadda ake yi, ya faɗi kalmomin da ake faɗa, cewa an binne zancen. Sai da ya gama ya ƙara nasa.

“Momo, da a ranar ka faɗa, da ni zan roƙi fasto ya yafe maka. Wata uku ne fa, ko huɗu. Da na buga Melbourne wata shekarar.”

Wani dattijo ya ce a kira lauya, ƙila a wanke sunan yaron. Kiti ya girgiza kai. Ya ce hukunci ya riga ya ci shi ya ƙare, ba gora, ba ƙwaya, ba abin nunawa, kuma jirginsa ranar Laraba ne.

Unaisi tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu tun farkon maganar. Ba ta yi kuka ba. Ta koma ciki, muka ji ƙarar tukunya, ta fito da faranti cike da kifi da gwaza, ta tsallake dattawa, ta tsallake fasto, ta ajiye a gaban ɗanta. Ta tsuguna tana kallo har ya kai loma ta farko baki, hawaye na zuba masa a cikin romon. Sannan ta juyo, ba wajen wanta ba, wajena, don ko a ranar ba ta karya al'ada ba.

“Manasa, ka tambayar mini shi. Shekara uku ina zuba masa duk Lahadi, ɗana yana cin na roba a gefe. Ka tambaye shi, abincin yana yi masa daɗi?”

Ban tambaye shi ba. Yana nan goshinsa a tabarma, ya ji da kunnensa.